'YANTAR DA MUTUM ƊUNGUM DAGA BAUTAR SHAYE-SHAYE

Jawabin da aka gabatar a taron bikin cikar wannan ikilisiya shekara hamsin



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan biki domin damar da suka ba ni. Na san akwai waɗanda za su ce a ransu, yau ranar murna ce, ranar sabon anko da kiɗa da shinkafa, me ya kawo zancen mashaya? To, in muka duba Littafin Firistoci sura 25 za mu ga yadda jubili yake a Isra'ila. Shekara ce ta hamsin da ake busa ƙaho, a saki wanda talauci ya sa ya sayar da kansa ya koma wurin danginsa, wanda ya jinginar da gonar gādo kuma a mayar masa da ita. Tun da yake mun ari wannan suna mun sa wa bikinmu, ya zama wajibi mu tambayi kanmu ko su wane ne har yanzu suke ɗaure a cikinmu, da kuma yadda za a kwance su.

ABOKIN GABA YA SAKE KAMA

Iyayenmu da suka kafa wannan ikilisiya sun san abokin gabarsu, wato tukunyar burukutu da fito da taba. Kada mu rena abin da yaƙin nan ya ci musu. Macen da ta karɓi bishara ta kife tukunyar giya, sana'arta ta kife, wadda da ita take biyan kuɗin makarantar yara. Magidancin da ya ƙi dafa giya ranar gayya, sau da yawa shi da iyalinsa kaɗai suka nome gonar. Mun gode wa Allah dominsu.

Amma burukutu ba ta ɓuya. Ana kwanaki ana dafa ta, ana jin warinta daga nesa, kowa a unguwa ya san gidan da aka yi ta. Ƙwayar tiramol kuwa tana kwana a aljihun rigar makaranta, ba wari, ba tangaɗi. Maganin tari mai kodin akan juye shi a kwalbar lemo, yarinya ta sha a gaban uwarta. Ga giyar leda da kuɗin cefanen yaro zai iya saya, ga goskolo da ogogoro waɗanda ƙarfinsu ya ninka na burukutu sau da yawa, ga wiwi, ga sholisho.

A farkon shekarar 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suka fito da sakamakon binciken da aka yi a dukan jihohin Nijeriya. An sami mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka sha wata ƙwaya cikin shekara guda kafin binciken, ban da giya da sigari. Wato mutum ɗaya ke nan cikin bakwai. Masu wiwi miliyan 10.6 ne, masu magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol miliyan 4.6, masu maganin tari miliyan 2.4. Ɗaya cikin huɗu na masu shan mace ce, kusan miliyan 3 kuma sun riga sun kamu har ba su iya bari da kansu. Ku dubi bencin da kuke zaune ku ƙirga mutum bakwai. Ban ce ku zargi na kusa da ku ba, amma masu binciken nan ba su ce sun tsallake gidajen Kirista ba.

Gwamnati ta yi nata. Ta kafa hukumar NDLEA tun 1989. A 2018 kuma, da BBC ta nuna fim a kan cinikin maganin tari mai kodin, kashegari gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi. Doka tana da amfani, amma mai sayarwa take kamawa. Wanda abin ya riga ya shiga jininsa yana nan a gida tare da mu.

Mu kuma ikilisiya, makamanmu biyu ne tun farko, wa'azi da horo. A kira mutum gaban dattawa, a sanar, a hana shi Jibin Ubangiji, ya koma bencin baya wata shida. Ban zo in rushe horo ba, gama ikilisiyar da ba ta da horo ta zama kasuwa. Tambayata ita ce, cikin wata shidan nan, wa yakan je gidansa? Abin da muka saba gani shi ne kunya takan hana shi zuwa sujada, mu kuma kunya ta hana mu zuwa wurinsa, alhali a mashaya akwai benci da ke jiransa, ba wanda zai tambaye shi komai. Sai a wayi gari mun raba shi da mu, ba mu raba shi da kwalba ba.

Manzo Bulus, a ƙarshen wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, ya haɗa ruhu da rai da jiki a addu'a guda. Mutum ba a yanka shi gunduwa-gunduwa. Sha yana kama jikinsa da tunaninsa da aljihunsa da gidansa da zumuncinsa da Allah, duk lokaci ɗaya. Maganin da ya kama ɗaya ya bar sauran, jinka ce da aka ɗaga ta gefe guda.

A FARA DA JIKI

Sa'ad da annabi Iliya ya gudu daga Yezebel, ya kwanta a gindin itace cikin jeji yana roƙon mutuwa, kamar yadda muke karantawa a 1 Sarakuna sura 19, mala'ikan da aka aiko bai fara da tsawa ba. Ya tashe shi, ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sāke tashe shi ya ci. Sai bayan tafiyar kwana arba'in, a Dutsen Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi wurin. Ina roƙon dattawanmu su lura da wannan jeri.

Bari in ɗan bayyana abin da sha yake yi wa ƙwaƙwalwa. Akwai wani sinadari a cikinta da ake kira dofamin. Aikinsa shi ne ya sa wa abu alama cewa wannan yana da amfani, a sāke nemansa, kamar abinci ga mai yunwa ko ruwa ga mai ƙishi. Giya da ƙwaya da nikotin na cikin taba suna sa shi ya kwarara fiye da kima. Ƙwaƙwalwa sai ta kāre kanta, ta rage jinsa, kamar maƙwabcin injin niƙa wanda kunnensa ya toshe da ƙara. Daga nan ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Abin da ya fi ban tausayi kuma, abubuwan da dā suke faranta masa rai, wato tuwo mai zafi, hira, waƙar sujada, dariyar ɗansa, duk sun zama lami. In abin ya kai nan, ba daɗi yake nema ba kuma, yana sha ne domin ya iya tashi daga gado. Bugu da ƙari, sashen goshi na ƙwaƙwalwa, wanda yake riƙe wa mutum linzami, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa yaron da ya fara yana ɗan 14 ya fi babba saurin kamuwa. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma wannan turke ya ɗaure likitoci da malamai da masu wa'azi.

Yanzu ga gargaɗi, ina kuwa roƙo ko kun manta da kome kada ku manta da shi. Mutumin da ya yi shekaru yana shan giya mai ƙarfi kowace rana, in ya yanke farat ɗaya, cikin sa'a 6 zuwa 24 zai fara makyarkyata da gumi da amai. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan yi jijjiga kamar farfaɗiya, su ruɗe, su riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango. Masu kallo sukan ce aljanu ne ke fita, a ƙara murya. 'Yan'uwa, jiki ne yake neman abin da ya saba da shi, wannan hali kuwa yana kashe mutum. A asibiti akwai maganin da ake ba shi ana ragewa a hankali, tare da bitamin B1 domin kāre ƙwaƙwalwarsa. Haka yake ga masu shan ƙwayoyin barci irin su roci da baliyam, su ma ba a yanke musu rana ɗaya. Saboda haka kada a sa irin wannan mutum azumin kwana uku, kada a kulle shi a ɗaki. A yi masa addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Tiramol nasa dabam ne. Wanda hukuma ta yarda a sayar da takardar likita miligiram 50 ne ko 100, amma na bayan fage ana samun 200 da 225, yawansa kuma yana kawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Barinsa yakan zo da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci na kusan mako guda. Ba kasafai wannan yake kisa ba, amma azabarsa ce take komar da mutane da yawa a kwana na uku, alhali da an taimake su da magani da sun haye.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano kuma suna da sashen da ke duba irin wannan. Zuwa can ba shaidar hauka ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba ne. Wanda ya rubuta mana Bishara ta uku likita ne. Wani amfanin zuwa shi ne likita zai nemi abin da ke ƙarƙashi. Lebura ko ɗan acaɓa ko manomi da yake shan tiramol, sau da yawa ciwon baya ne ya fara kai shi, da neman ƙarfin yini yana aiki. Wata gwauruwa barci ne ya ƙaurace mata tun rasuwar mijinta. Wani saurayi kuma ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba a lokacin rikici, in ya rufe ido abin yakan dawo. In an ƙwace ƙwaya aka bar ciwon da ya kawo ta, zai nemi wata.

ƘAWA DA YADDA TAKE RUƊI

Bayan jiki ya huce, sauran ƙawa. A Farawa sura 25, Isuwa ya dawo daga farauta ya ga jar miyar Yakubu, ya tabbatar wa kansa cewa mutuwa zai yi in bai ci yanzu ba. Ɗan gidan mai arziki irin na Ishaku ba zai mutu da yunwar yini ɗaya ba. Amma haka ƙawa take magana, takan ce yanzu ko mutuwa. Gaskiyar kuwa ita ce ƙawa kamar guguwar bazara take, ta taso, ta tsananta, ta wuce, yawanci ba ta kai rabin sa'a ba. Wanda ya koyi jinkirta minti ashirin, ya tashi daga wurin da yake, ya sha ruwa, ya kama wani aiki da hannu, ko ya buga wa ɗan'uwa waya, zai ga ta kwanta ba tare da ya ba ta abin da take so ba. Kowane karo da ya yi haka, ta gaba takan zo da rauni.

Ƙawa kuma ba ta zuwa haka kawai, tana da masu kiranta. Waɗanda suka daɗe a wannan yaƙi sukan ce a kula da abu huɗu, yunwa da fushi da kaɗaici da gajiya. Ni zan ƙara da ranar albashi, da ranar kasuwa, da zaman makoki, da hanyar da ta bi ta ƙofar mashaya. Ina ba mai fama shawara ya sami ƙaramin littafi, mako biyu yana rubuta lokacin da ƙawa ta taso, a ina yake, da wa yake, me ya faru kafin nan. Zai yi mamakin ganin abin yana da ƙa'ida kamar jadawalin makaranta. In ya gane ƙarfe biyar na yamma ne, to ƙarfe biyar na yamma ake shirya wa. In ranar albashi ce, matarsa ko wani dattijo amintacce ya raka shi banki. In hanya ce, ya sake hanya ko da ta fi nisa.

Wannan yana ɗaukar lokaci. A 2009 masu bincike a wata jami'a a Landan sun bi mutanen da suke ƙoƙarin koyon sabon hali, suka ga a matsakaici yakan ɗauki kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. Ƙananan halaye ne fa, irin su shan ruwa bayan abinci. Taron farkawa na kwana uku yana iya zama mafarin 'yanci, na kuwa gaskata yana zama, amma wa zai tsaya da mutumin a kwana na huɗu da na sittin?

Mu da ba mu shan giya kada mu gyara zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta kashe mutum miliyan 2.6 a 2019, taba kuwa tana kashe fiye da miliyan 7 kowace shekara, garin tabar da kakanninmu suke dannawa a baki ma bai kuɓuta ba. Cacar ƙwallo a waya tana bin hanyar dofamin ɗin nan, hukumar kuma ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka. Akwai albashi da baiko da suka narke a can ba tare da wari ba. Akwai hotunan batsa, akwai mai ciwon sukari da ba ya iya rabuwa da lemon kwalba, akwai wayar da wasu suke shafawa yanzu haka ina magana.

GIDAN DA AKA SHARE

A nan ne nake ganin aikin ikilisiya ya fi yawa. A 1971, lokacin yaƙin Biyetnam, gwamnatin Amurka ta firgita da yawan sojojinta da suke shan hodar hiroyin a can. Wata masaniya mai suna Lee Robins ta bi sawun waɗanda suka koma gida. Kusan ɗaya cikin biyar sun kamu a fagen yaƙi, amma cikin waɗanda suka kamu, kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka sāke kamuwa a shekarar farko bayan komawarsu, kashi 12 kuma cikin shekara uku. Likitoci sun yi mamaki, gama sun saba ganin yawancin masu hiroyin suna komawa. Abin da ya bambanta shi ne sojojin nan sun bar tsoro da zaman banza da arhar hodar da abokan shan a can, sun dawo wurin iyali da aiki. Namu yaron kuwa, in ya fito daga asibiti, muna mayar da shi lungu ɗaya, majalisa ɗaya, aljihu wayam, sa'an nan mu ce ba shi da zuciya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ubangijinmu ya ba da misali a Matiyu sura 12 na ƙazamin ruhun da ya fita daga mutum, ya dawo ya tarar da gidan a share, an gyara, amma ba kowa a ciki, sai ya je ya ɗebo waɗanda suka fi shi mugunta. Ku yi lissafi. Mashayi yakan ba sha sa'a huɗu ko biyar a rana, tsakanin neman kuɗin da zaman da farfaɗowa. A can abokansa suke, a can ake jin maganarsa. Ranar da ya bari, ya rasa abokai, ya sami sa'a biyar da bai san yadda zai yi da su ba. Sujadar Lahadi da addu'ar Laraba ba za su cika wannan rami ba. Sana'a ce za ta cika shi, da gona, da ƙwallo, da koyon waƙa, da gidan da zai shiga da yamma a zuba masa tuwo ba tare da an ɓoye jaka ba. Muna da kafintoci da teloli da makanikai da magina a wannan ikilisiya. In kowane ɗaya ya ɗauki yaro guda, ya jure masa, ya fi wa'azi goma.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasarmu. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke sauka a gidajen mutanen ƙauyukan kewaye tare da wani danginsu, su je asibiti da rana, su kwana cikin jama'a. Masana daga ƙasashe da yawa sun zo koyo. Ba domin mashaya ya shirya shi ba, amma darasin ya shafe mu, wato likita da dangi da gari su kama tare.

Haka nan a 1935, a garin Akron na Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni da barin giya, ya ji ƙawa ta taso masa a masauƙi. Sai ya buga wa wani limamin coci waya, yana neman a haɗa shi da wani mashayi da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likita, Bob Smith. Daga hirar mutum biyun nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ta bazu a duniya, inda masu fama suke taruwa su faɗa wa juna gaskiya, abin da aka faɗa kuma ya tsaya a ɗakin. A 2020 masana sun tattara bincike 27 a kanta, suka ga wajen taimakon mutum ya bar giya ɗungum ba ta gaza sauran hanyoyi ba, wani lokaci ma ta fi su. Ba ta bukatar kuɗi, ɗaki ne da kujeru da riƙon asiri. Ɗaki da kujeru muna da su. Riƙon asirin ne nake shakka, gama a wurinmu roƙon addu'a yakan zama labarin kasuwa kafin Litinin. Wannan ne ya sa mata musamman suke mutuwa da nasu a ciki.

Ga iyalin mai fama kuma ina da magana. Ƙauna ba ta ce ki biya masa bashin mashaya, ko ka yi wa maigidan aikinsa ƙarya domin ka rufa masa asiri ba. Duk wanda ake share masa ɓarna ba zai ga girmanta ba. In kuwa abin ya kai ga dūka, a fara fid da matar da yara zuwa inda za su tsira, kada dattawa su ce mata ta koma ta yi haƙuri kawai. A ɗaya gefen, kada gajiya ta sa a kai mutum inda za a sa masa mari. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton mutanen da aka ɗaure da sarƙa a Nijeriya da sunan magani, a wuraren gwamnati da na gargajiya da na addini, na Musulmi da na Kirista duka. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba irin waɗannan mutane haƙƙi. Mu da muke busa ƙahon jubili ba mu da hurumin ƙera sarƙa.

Ina wurin addu'a a cikin wannan duka? Tana ko'ina. Mai fama yana ɗauke da kunya da ta fi kwalba nauyi, kunyar kuwa ita take sake tura shi sha domin ya manta. Ba allurar da take cire wannan, sai gafara, da jin cewa Allah bai gama da shi ba. Amma ku tuna da kabarin Li'azaru a Yohanna sura 11. Yesu ne ya tashe shi, wannan ba mai iyawa sai shi. Duk da haka ya fito a naɗe da likkafani, mutanen da suke tsaye a wurin aka umarta su kwance shi, su da aka gaya musu yana wari.

IN YA SAKE FAƊUWA

Zai yiwu ya sāke faɗuwa, gara mu sani tun yanzu. Likitoci sun ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma, adadin kuwa bai fi na masu hawan jini ko asma da ciwonsu yake tasowa ba. Ba mu korar mai hawan jini domin jininsa ya sāke hawa, mukan tambaya ko ya daina shan magani ne, ko gishiri ya yi yawa. Haka za a zauna da wannan a tambaya me ya faru ranar, wace ƙofa aka bari a buɗe. Sai dai a gaya masa abu ɗaya tun da wuri. Wanda ya yi makonni bai sha tiramol ko kodin ba, jikinsa ya rage jurewa, in ya koma ya sha adadin da ya saba a dā, numfashinsa yana iya tsayawa.

Game da yaran da ba su fara ba, ƙasar Aisilan, wani tsibiri mai sanyi a arewacin Turai, ta nuna abin da zai yiwu. A 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu cikin watan da ya wuce. A 2016 sun koma kashi 5. Masu shan sigari kullum sun sauka daga kashi 23 zuwa 3. Sun lura gargaɗi a aji bai hana kome ba, sai suka hana yara yawon dare, suka sa iyaye su yi alkawarin ba 'ya'yansu lokaci da sanin abokansu, suka zuba kuɗi a wasanni da kiɗa bayan makaranta. Ba mu da kuɗinsu, amma muna da filin nan na bayan majami'a, da Birged ta maza da ta mata, da ƙungiyar mawaƙa, da Makarantar Lahadi. Abin da ya rage shi ne uban da zai dawo gida da wuri.

Saboda haka ina roƙon majalisar dattawa, cikin ayyukan da za a tuna wannan jubili da su, a ware ɗaki ɗaya da yamma ɗaya a mako domin masu fama, a danƙa shi ga mutum biyu ko uku masu riƙon asiri, mace kuma ta kula da mata. A nemi ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su koya wa fastoci da shugabannin Zumunta alamun da ke nuna a garzaya asibiti. Daga baikon godiya na yau a cire wani abu domin kuɗin mota da na kati da na kayan koyon sana'a. Duk wanda za a sa a ƙarƙashin horo saboda sha kuma, a ranar da aka rubuta sunansa a littafin ikilisiya, a rubuta a gefensa sunan dattijon da zai riƙa zuwa gidansa kowane mako har ya dawo teburin Ubangiji.